Daminar da Aka Soke Zaɓe

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Tun safe yake zuba siriri, irin na marka wanda ba ya tsawa ba ya iska, sai dai ya jiƙa bango, ya jiƙa itace, ya shiga ƙashin tsoho. Ina zaune a bakin ƙofa ina tsince gyaɗa sai ga 'yata Binta ta shigo, waya a hannu, fuska a murtuke. Ita ta gaji sana'ata ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ta fi ni nisa, don tana da masu saye har cikin Kano.

Ta ce, "Mama, kin ji wai masu sayen Kano sun dakatar da ɗaukar kaya. Wai zaɓe ya matso, dala ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai sun ga yadda za ta kaya."

Na ce, "To gishiri fa? Shi ma ya dakata?"

Ta ce, "Shi kam tun jiya ya tashi."

Ban san lokacin da na ture farantin gyaɗar ba. Binta ta zaci da ita nake. Ba da ita nake ba. Maganar ce na taɓa ji, da irin wannan ruwa, a cikin wannan gida na Gwangwan, fiye da shekara talatin da suka wuce, lokacin ita tana goye a bayana ba ta san komai ba sai nono.

Ni 'yar Kafin Dafga ce, aure ya kawo ni Gwangwan. Mu uku ne manya a gidan: ni, da Malam maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Malam manomi ne, dawa da gero da gyaɗa, in an yi girbi kuma ya riƙa rakiyar kaya zuwa Badun, can Kudu, wato ya hau saman babbar mota da kayan mutanen gari, ya sayar musu, ya sayo musu abin da suka yi saƙo. An san shi da amana, ko allura ka ba shi zai dawo maka da bayaninta.

Inna ce ta koya mini aikin mai. Da hantsi mu soya gyaɗa a kasko har ƙamshi ya cika unguwa, mu murje ɓawon, mu sheƙe, a kai inji a niƙo. Sai a zuba ƙullun a turmi, ana yayyafa ruwan zafi ana juyawa da muciya, kafaɗa na ciwo, zufa na zuba, har man ya fara tsattsafowa yana ƙyalli. Tunkuzar da ta rage mu murza ta mu soya ƙuli. Inna ba ta iya juya muciya saboda ciwon asma da take fama da shi, amma tana zaune a kan kujerarta 'yar tsugunne, ido kawai za ta kai ta ce, "Ruwan ya yi yawa, Hajara," ko kuma, "Ƙara hannu, yana nan tafe." Ciwon nata ba ya tashi sosai muddin tana shan wasu ƙananan ƙwayoyi farare da ake sayo mata a wani kemis a Rogo, na wani ɗan ƙabilar Ibo da ya daɗe a garin.

Wadda take kwashe mana man kuwa wata Bayarabiya ce, Iya Risika. A Rogo take zaune da mijinta, a nan ta haifi 'ya'yanta duka, Hausa a bakinta kamar jakar Kano, sai dai in ta yi fushi harshen ya karkace. Duk mako za ta zo Gwangwan, ta bi gida-gida tana tara man mata a garwa, ta tura Kudu. Idan ta shigo gidanmu sai ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta ɗauki ƙuli ɗaya ta gartsa, ta ce, "Na gidan nan ya fi na kowa gishiri, shi ya sa nake sonsa." Da cinikin nan muke sayen gishiri da kananzir da sabulu da maganin Inna, dawar rumbu kuma ta tsaya a tuwo kawai. Ba wadata ba ce, amma rufin asiri ne.

A shekarar da nake ba da labarinta ruwa ya sauka da wuri. An yi shuka, ƙasa ta yi laushi, tsiro ya fito kore shar. Ana cikin haka ranar zaɓen shugaban ƙasa ta zo. An daɗe soja na mulki, an ce yanzu za su miƙa wa farar hula, kowa ya fito ya zaɓi wanda yake so. Na wanke Binta, na ɗaura zanen da nake zuwa biki da shi. Ina shirin fita sai na ga Inna ta fito da mayafinta da sandarta.

Malam ya ce, "Inna, rana ce fa, ga layi. Ki zauna mana."

Ta ce, "Kai, rabu da ni. Na ga mulkin Bature, na ga na 'yan siyasa, na ga na soja. Yau an ce ana tambayata wa nake so, sai in zauna a ɗaki?"

Haka muka je makarantar firamare, layin mata daban na maza daban. Rana ta take, ƙasa na fitar da tururin ruwan jiya. Ba a yi faɗa ba, ba a yi zagi ba. Inna ta dangwala ɗan yatsanta, ta fito tana kallon tawadar tana murmushi kamar amaryar da aka sa wa lalle.

Bayan zaɓen da 'yan kwanaki mota ta samu. Matan unguwa suka haɗa garewanin mai, maza suka haɗa wake, aka ɗora, Malam ya hau. Niyyarsa ya sayar ya sayo takin zamani da gishiri da kananzir. Da zai fita ya leƙa ɗakin Inna ya yi mata sallama, ya juyo ya ce mini, "Kafin ciyawa ta kai idon sawu na dawo, in Allah ya so."

Tawada ba ta gama fita daga farcenmu ba rediyo ta ce an dakatar da faɗin sakamako. Muna jira, muna jira, sai aka ce an soke zaɓen gaba ɗaya. An soke! Kamar wanda ya gama tuƙa tuwo, ya kwashe, mutane sun wanke hannu, sai wani ya zo ya kife tukunyar da ƙafa ya ce ba a yi girki ba. Inna ta ce, "To da sun san ba sa so, me ya sa suka fito da mu rana?"

Da farko mun ɗauka rigimar manya ce, can a birni za ta ƙare. Me ya haɗa mai juya muciya a Gwangwan da kujerar mulki? Kullum da yamma maƙwabta su taru a zaurenmu suna sauraron rediyon Malam, mu kuma muna jiyowa daga tsakar gida. Yau a ce an rufe kasuwanni a Ikko, gobe a ce ma'aikata sun tafi yajin aiki, jibi a ce bankuna sun kulle ƙofa, darajar naira ta zube a gaban dala. Wata rana mai labarai ya ce, da murya kamar ta mai sanar da rasuwa, kasuwar hannun jari ta faɗi.

Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Rumfunan ne suka rufta? An samu rauni?"

Wani malamin makaranta da ke zauren ya ɗaga murya ya yi mata bayani, wai ba rumfa ba ce, takardu ne da masu kuɗi suke saye na rabon ribar kamfanoni, yanzu kowa ya tsorata yana neman ya sayar da nasa, shi ya sa suka karye.

Inna ta ce, "Au, takarda ce ta faɗi ake wannan jimami? To Allah ya tashe ta."

Muka yi dariya. Ita ce dariyar ƙarshe da na tuna an yi a gidan nan a daminar.

Abin ya iso mu ta hanyar da ba mu zata ba. Da fari fetur ya ɓace, motoci suka ragu a hanya. Sai mai injin niƙa ya ce ba shi da man gas, ya rufe ƙofa, muka koma dakan gyaɗa a turmi har tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Gishiri ya tashi, kananzir ya tashi har muka rataye fitilar ƙwai muka koma aci-bal-bal da tsumma da man gyaɗa. Sabulu ya zama abin a yanka da reza a raba. Duk abin da ke zuwa mana daga waje ya hau sama, duk abin da muke fitarwa ya rasa mai ɗauka. Iya Risika ta zo sau ɗaya ta ce ba direban da zai yarda ya nufi Kudu, mu yi haƙuri mu ajiye. Muka ajiye. Garwa ta cika, muka cika tulu, muka cika kwalabe.

Malam kuwa shiru. Yanzu in mijin mace ya yi nisa sai ta danna waya ta ji muryarsa, ko yana cikin daji ne. A lokacin sai dai ka aika tasha a tambayi direbobi. Wannan ya ce ya gan shi a zangon Hausawa na Badun lafiya lau, wancan ya ce an ƙone motoci a hanya, wani ya ce shi bai san ma wa ake nufi ba. Inna ta daina tambaya, sai dai duk motsin da ta ji a zaure ta ɗaga kai.

Ciyawa ta wuce idon sawu, ta kai ƙwauri, ta fara shaƙe dawa. Na aika Kafin Dafga wajen yayana Habu. Washegari sai ga shi a kan keke, fartanya ɗaure a baya. Ya zaga gonar ya dawo yana girgiza kai, ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin mutum ɗaya, Hajara. Sai gayya." Ya bi gidajen maƙwabta, ba wanda ya ƙi, don kowa akwai kayansa a motar da Malam ya bi, kowa ya san dalilin rashinsa.

Amma gayya ba a yin ta da yunwa. Na sa tsani na leƙa rumbu, na ga dawar ta yi ƙasa har ina ganin daɓe ta gefe. A sauran shekaru irin wannan lokaci da cinikin mai muke cikasa awo har sabon gero ya shigo. Bana ba ciniki. Na rufe ido na ɗebo, muka surfa, muka daka, ni da matan maƙwabta. Ranar gayya tun da sassafe maza suka jeru a bakin gona, kai a sunkuye, fartanyu na tashi na sauka tare, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tashi. Da rana ta take muka kai musu tuwo da miyar kuka. Tuwon kaɗan ne, miyar kuwa mai ne yake iyo a kanta kamar ta gidan sarauta. Wani dattijo ya kalli kwanon ya ce, "Yau ga miyar attajirai da tuwon marayu." Ba wanda ya yi ƙorafi. Suka lashe, suka koma, kafin la'asar gona ta fito fes. Taki dai babu, dawar ta tashi rawaya-rawaya, siririya.

Daga nan muka shiga yunwa sosai, irin wadda ban taɓa ji ana ba da labarinta ba: yunwa a gidan da yake cike da mai. Safe kwaɗon rama da ƙuli da mai, rana tafasa da ƙuli da mai, dare ɗan kunu tsararo. Tun muna ci da marmari har ƙamshin gyaɗa ya fara tayar mini da zuciya. Cikinmu ya lalace. Nonona ya ragu, Binta ta riƙa ja tana saki tana kuka. Kuma duk wanda ka kalla a unguwa haka yake, leɓe na ƙyallin mai, ido ya faɗa.

Sai jita-jitar yaƙi ta taso. Aka ce ƙasa za ta rabe, kowa ya koma garin ubansa tun kafin a rufe hanya. Wata safiya ana yayyafi Iya Risika ta shigo ba garwa ba komai, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa gaban Inna, ta kasa gaisuwa.

Inna ta ce, "Risika, lafiya? Wa ya taɓa ki?"

Ta ce, "Ba wanda ya taɓa ni, Inna. Ko kallon banza ba wanda ya yi mini a Rogo. Amma dangin maigida sun aiko, sun ce in ba mu taho ba kada a neme su. Mun karyar da kayan shago, gobe za mu bi mota." Ta fashe da kuka. "Yaran nan ba su san kowa a can ba. Ƙaramar ko Yarabanci ba ta ji sosai. Ina zan kai su?"

Na ce, "Iya, ki zauna mana. In abu ya taso ki taho nan, ɗakina ya ishe mu."

Ta kama hannuna ta ce, "Hajara, ni na soke zaɓen nan? Ke kika soke? Rana ɗaya muka sha a layi, ni a Rogo ke a nan. Waɗanda suka yi abin suna can a ɗaki mai sanyi, ko takalminsu bai jiƙe ba."

Na ƙulle mata ƙuli a tsumma don yara su ci a hanya. Ta yi alkawarin in ta isa za ta sa a nemo Malam a zango. Ta fita tana waiwaye. Ban sake ganinta ba har yau, ban kuma san ko ta isa ba.

Marka ta kankama. Kwana da kwanaki ba a ga rana ba. Bangon ɗaki ya yi gumi, tabarma ta yi funfuna, itace ya ƙi kamawa sai hayaƙi. Irin wannan yanayi shi ne abokin gabar ƙirjin Inna, kuma a daidai lokacin ƙwayoyinta suka ƙare. Numfashinta ya fara fito, tana zaune ta jingina da bango don ba ta iya kwanciya, jijiyoyin wuyanta duk sun fito. Na dafa mata duk abin da aka ce, na yi mata turare, na yi mata sirace, a banza.

Yaya Habu ya zo duba mu ya tarar da haka. Ya ce in shirya mu tafi Rogo. Ni da ban taɓa shiga kasuwa ba tun da aka kawo ni, na yafa mayafi, na goya Binta, na bar wa maƙwabciya Inna. Yaya ya ɗaure garwar mai a bayan keke yana turawa, ina biye, taɓo har ƙwauri, takalmina ya tsinke na riƙe shi a hannu.

Muka isa kemis muka tarar da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mai shagon shi ma ya kwashe iyalinsa ya tafi garinsu. Aka nuna mana wani mai tebur da yake da irin maganin. Da ya faɗi kuɗin sai na ɗauka ban ji daidai ba, don abin da a da yake sayen na wata guda yanzu ko na mako bai kai ba.

Yaya ya ce, "Haba malam, ka ji tsoron Allah. Tsohuwa ce a kwance."

Mai teburin ya ce, "Wallahi ba ni ba ne. Daga waje ake kawo shi, da dala ake saye. In na sayar muku a tsohon kuɗi, gobe ban isa in sayo wani ba."

Wannan na yarda da shi, ban ji haushinsa sosai ba. Wanda har gobe in na tuna raina yake ɓaci shi ne Alhaji Tanko mai awo. Shi kaɗai ne a kasuwar yake da kuɗi a hannu da hatsi a ɗaki, don tun da kaka ya saye ya tara. Yana zaune a kan buhu, rediyo a kunne, duk labarin da ya ji sai ya ƙara wa kwano kuɗi. Muka ajiye garwar a gabansa. Ya buɗe, ya tsoma yatsa, ya lasa, ya taɓe baki. Ya taya ta a abin da ko kuɗin gyaɗar da aka yi ta bai kai ba.

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ko uwar kuɗi ba ta fito ba."

Alhaji ya ce, "To ka kai Kudu mana. Mai ya yi kwantai, ba hanya. Taimako zan yi muku."

Na tambayi kuɗin kwanon dawa, ya faɗa, ya ƙara da cewa, "Dala ta tashi, sai haƙuri."

A nan kunya ta fita daga idona. Na ce, "Alhaji, dalar ce ta yi wa dawar nan noma? A gonakinmu aka shuka ta, da kaka ka saya a hannunmu, ko Kano ba ta taɓa zuwa ba, ina ta haɗu da dala? Kuma in dala tana ɗaga kaya, me ya sa ba ta ɗaga man nan ba? Ko ita dalar ta san kayan talaka ne take tsallakewa?"

Mutane suka fara taruwa. Alhaji ya juya ga Yaya kamar ba ni na yi magana ba, ya ce, "Ka ja wa ƙanwarka kunne. In za ku sayar ku sayar, in ba haka ba ku ɗauke, kuna tare mini gaba."

Muka sayar. Me za mu yi? Aikin da na yi da hannu mai bororo, na miƙa shi ina ji ina gani. Muka sayi magani na 'yan kwanaki da ɗan awon da bai cika ƙwarya ba. A hanyar komawa ruwa ya sake saukowa, na cusa maganin cikin ɗan kwalina, ina tafe ina kuka, ruwan sama yana rufa mini asiri. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai a shekarar nan na ga akasin haka da idona: waɗanda suka ja ruwan suna cikin soro, mu ya doka.

Maganin ya ɗan sassauta wa Inna. Da ya ƙare na ce zan kai akuyarta kasuwa in sayo mata wani, ta hana. Ta ce, "In za ki sayar, ki sayi hatsi, ki ci ki samu nono. Yarinyar nan ta fi ni buƙatar gobe." Na ce ba za a yi haka ba, na aika da akuyar, na ce a raba, rabi hatsi rabi magani. Wanda aka aika ya dawo da hatsi kaɗai, ya ce maganin ya ƙare a Rogo gaba ɗaya, mai tebur ya ce ko a Kano sai an sha wuya, kaya sun maƙale a tashar jirgin ruwa saboda yajin aiki.

Gero ya fara fitar da kai, har yara sun fara leƙen tumu, lokacin Inna ta cika. Da hantsi ne, ruwa ya ɗan tsagaita. Tana jingine a jikina, ta ce in buɗe ƙofa ta sha iska. Na buɗe. Ta kalli wajen zaure ta ce, a hankali, tana ja da ƙyar, "In ya zo, ki ce ban yi fushi ba. Amana ce ta riƙe shi." Ta yi kalmar shahada. Maƙwabta suka yi mata sutura, Yaya Habu ya tsaya a madadin ɗanta. Ranar rediyo ba ta ce komai ya faɗi ba.

Ana gobe sadakar bakwai, da la'asar, ina tsakar gida da 'yan zaman makoki sai na ji an yi sallama a zaure da muryar da na sani. Kafin mazan da ke waje su tare shi har ya shigo. Ya rame, ya yi baƙi, rigar da ya tafi da ita ce a jikinsa ta zama tsumma, ɗan buhun gishiri a ka, wani ƙunshi a hammata. Yana shigowa ya nufi ɗakinta yana cewa, "Inna, na dawo. Inna!" Sai ya ga mata zaune a kan tabarmi, ya ga fuskata. Ya tsaya cak. Ya sauke buhun a hankali kamar mai tsoron kada ya tashi wani daga barci.

Yaya Habu ya kai shi maƙabarta. Da suka dawo ya shiga ɗakin Inna ya zauna a ƙasa, na bi shi na faɗa masa saƙonta. Daga baya ya ba ni labari a gutsure. Sun isa Badun lafiya, kafin su sauke kaya kasuwa ta rufe. Ya kwana a kan garewanin nan makonni yana gadinsu, yana dako a zango don ya ci abinci, don ya ce ba zai iya dawowa ya kalli matan gari ya ce ya bar kayansu a titi ba. Da kasuwa ta buɗe masu saye suka taya yadda suka ga dama, abin da ya samu kuma da ya je sayen taki ya tarar ko rabin buhunan da aka yi saƙo ba zai saya ba. Ya ce a gadar Kwara motarsu ta yi cirko-cirko da wasu motoci, mutanen Kudu na gudu gida, 'yan Arewa na gudu gida, kowa da katifa da tukunya da yara a saman kaya, suna kallon juna ta gefen mota, ba mai zagin wani, kowa tsoro ne a idonsa.

Sannan ya jawo ƙunshin da ya shigo da shi, ya kwance. Goro ne, fari, manya-manya, amma duk ya yanƙwane ya yi tauri, ganyen da aka naɗe shi ya bushe ya zama gari.

Ya ce, "Ranar da na isa na saya mata. Na ce kwana nawa ne."

Washegari aka taru sadakar bakwai. Ba mu da abin rabawa, ba waina ba gumba, goro kuwa a lokacin ya fi ƙarfin kowa a garin. Malam ya zuba nasa a faranti ya fita da shi zaure da kansa. Liman ya yi addu'a, aka shafa, aka zagaya da farantin. Kowa ya ɗauki ɗaya, ya ga yadda ya bushe ƙayau, ya san tun yaushe aka saye shi da wadda aka saya wa. Ba wanda ya sa a aljihu. A nan zaune suka ɓare shi da ƙyar, suka tauna.